Zan koma aiki bayan na karye a bakin aiki: me zai faru da haƙƙina na diyya?

Ma'aikacin Sito ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san dokokin ƙwadago, da kuma waɗanda irin wannan lamari ya taɓa faɗa wa. Shekarata bakwai ina aiki a siton wani kamfani, inda nake sauke kaya, in jera su a kan kantoci, in kuma loda su a mota idan za a fitar. Wata uku da suka wuce na hau tsani domin in sauko da kwali daga kanta ta sama, sai ƙafar tsanin ta zame a kan man da ya zube a ƙasa, na faɗo a kan hannuna na dama. Na karye a wuyan hannu, jijiyar kafaɗata kuma ta yage. An yi mini aiki an sa ƙarfe a wuyan hannun, kafaɗar kuwa likita ya ce a fara gwada gashin ƙashi tukuna kafin a yi maganar tiyata.

Ba zan ɓoye alherin kamfanin ba, domin su suka biya kuɗin aikin da aka yi mini, sun ba ni cikakken albashi a watan farko, sannan rabi a watanni biyun da suka biyo baya. Makon jiya jami'in kula da ma'aikata ya kira ni ofishinsa, ya ce aiki ya yi musu yawa, suna so in dawo a farkon wata mai kamawa, kuma heluma zai riƙa sassauta mini har in warware. Daga nan ya turo mini wata takarda mai shafi biyu. Abin da na fahimta a cikinta shi ne, za a ba ni kuɗi dunƙule daidai da albashin wata biyu, ni kuma in sa hannu cewa na karɓi duk abin da nake bi game da wannan hatsari, babu sauran wata magana. Na nemi in tafi da ita gida in karanta a tsanake, ya ce takardar ba ta fita daga ofis, amma ina iya dawowa duk ranar da na shirya.

Halin da nake ciki yanzu shi ne, ina iya riƙe biro in yi rubutu a hankali, amma ba na iya ɗaga hannun ya wuce kafaɗa, kuma ko maɓallin riga sai na haɗa da hannun hagu. Kwalayen da muke ɗauka wasu sun kai kilo 25. Ina so in sani, idan na koma aiki, shin hakan yana nufin na yarda na warke, har in rasa sauran haƙƙina? Ita kuma takardar, me sa hannu a kanta zai jawo mini? Ina tsoron in ƙi komawa a sallame ni, ina kuma tsoron in koma in ƙarasa hannun.

Tsohon Jami'in Ƙungiyar Ƙwadago ya amsa:

Wa'alaikumus salam. Sannu da jiki, ɗan'uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Zan fara da takardar, domin ita ce ta fi gaggawa: kada ka sa mata hannu yanzu. Komawa aiki magana ce daban, rufe batun diyya ma magana ce daban, kuma wanda ya haɗa maka su a zama ɗaya ya san dalilinsa. Takardar da aka hana mutum fita da ita ya nuna wa lauya ko wakilin ƙungiyarsa ta riga ta ba da shaida a kan kanta.

Ya kamata ka san asalin tsarin, domin shi zai nuna maka cewa ba roƙo kake yi ba. Kafin a kafa dokokin diyyar ma'aikata, wanda ya ji rauni sai ya je kotu ya tabbatar da sakacin mai kamfani, kuma galibi yakan tashi a tutar babu, saboda da zarar an nuna cewa shi ma yana da ɗan laifi, ko kuwa abokin aikinsa ne ya jawo hatsarin, shari'ar ta rushe. Jamus ce ta fara sauya wannan da dokar inshorar hatsari ta shekarar 1884 a zamanin Bismarck, shugaban gwamnatinta na lokacin, Birtaniya ta biyo baya da tata a 1897, daga nan tsarin ya bazu a duniya. Ginshiƙinsa shi ne a biya ma'aikaci ba tare da an tsaya binciken wane ne mai laifi ba, muddin raunin ya same shi ne a dalilin aikin kuma a cikin aikin. A madadin haka, a ƙasashe da dama ma'aikacin yakan rasa damar maka kamfanin a kotu don neman ƙarin kuɗi, ko kuma a ce ya zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyin biyu. Saboda haka ko da wani zai ce maka ai da ka duba ƙasa kafin ka kafa tsanin, wannan ba ya soke haƙƙinka.

Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma kusan dukansu suna raba haƙƙin mai rauni gida uku. Akwai kuɗin magani har zuwa ƙarshen jinya, ciki har da gashin ƙashi da duk wata tiyata da raunin zai buƙata nan gaba. Akwai abin da ke maye gurbin albashi a lokacin da mutum ba ya iya aiki, wanda yarjejeniya mai lamba 121 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wato ILO, ta shekarar 1964 ta sa mafi ƙarancinsa a kashi 60 cikin ɗari na abin da ma'aikaci mai iyali yake samu kafin hatsarin, ko da yake ƙasashen da suka rattaba mata hannu kawai take ɗaurewa. Sai na uku, wanda shi ne mutane suka fi yin asararsa: diyyar tawayar da ta zauna wa mutum dindindin. Komawa aiki na iya tsayar da kashi na biyu ko ya rage shi, tunda albashi ya dawo, amma ba ya taɓa na farko da na uku.

A kan na ukun ne takardar da aka ba ka take da haɗari. Ba a auna tawayar dindindin sai jiki ya kai matsayin da likitoci suka ga ba zai ƙara wani gyaruwa na a-zo-a-gani ba. Kai kuwa har yanzu ba a yanke shawara a kan kafaɗarka ba. Idan bayan wata huɗu aka ce sai an yi tiyata, ko aka gano hannun ba zai sake ɗaguwa sama ba, albashin wata biyu bai kai ko kusa da abin da za ka rasa ba. Ana so ne ka sayar da abin da kai kanka ba ka san girmansa ba tukuna.

Wasu dokoki ma sun haramta irin wannan yarjejeniya kai tsaye. Misali, dokar biyan diyyar ma'aikata ta Najeriya ta shekarar 2010 ta ce duk yarjejeniyar da ma'aikaci ya yi da mai ɗaukarsa aiki ta yafe haƙƙin diyya ba ta da tasiri a doka. A ƙarƙashin wannan doka, kamfanoni ne ke zuba aƙalla kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansu kowane wata a asusun da hukumar inshorar ma'aikata ta ƙasar, wato NSITF, ke kula da shi, kuma haramun ne a cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Wanda ya samu tawayar wani sashe ta dindindin ana biyansa kashi 90 cikin ɗari na abin da aka ƙiyasta ya ragu a samunsa. Duk da haka, gara mutum ya ƙi sa hannu tun farko da ya sa ya koma yana fafutukar warwarewa a kotu.

Abu na ƙarshe, kuma ban ji ka ambace shi ba: shin an kai rahoton hatsarin ga hukumar inshora ko asusun diyya? Kamfani ya biya asibiti daga aljihunsa ba ya nufin an buɗe maka fayil. Na sha ganin kamfanonin da ke biyan kuɗin magani da hanzari don kawai kada maganar ta fita waje, wani lokaci saboda ba su yi wa ma'aikatansu rajista ba. Waɗannan abubuwa suna da wa'adi. A dokar Najeriyar da na ambata, ma'aikaci na da kwana 14 ya sanar da kamfani, kamfani na da kwana 7 ya sanar da hukuma, neman diyyar kuma a cikin shekara ɗaya ake shigar da shi. A Faransa sa'o'i 48 kacal aka ba kamfani ya kai rahoto. Ka nemi lambar fayil ɗinka a rubuce, idan babu kuwa ka je hukumar da kanka tun wa'adi bai ƙure ba.

Likitar Gashin Ƙashi ta amsa:

Malam, sannu da jinya. Na yarda da duk abin da Baba, tsohon jami'in ƙungiyar ƙwadago, ya faɗa game da takardar, amma ina so in ƙara wani ɓangare, kada ka fahimci cewa zaman gida shi ne mafita har sai ka warke sarai. A aikinmu mun san cewa mutum yana daɗewa ba ya aiki, komawar tana ƙara yi masa wuya: tsoka tana saki, gaɓa tana ƙagewa, barci yana rikicewa, tsoron motsa hannun yana shiga zuciya. Komawa da wuri tana da amfani, da sharaɗin aikin da za ka koma ya dace da abin da jikinka zai iya a yau.

Matsalar tana cikin kalmar sassautawa da aka yi maka alkawari da baki. Heluma mutum ne da ake tambayarsa mota nawa aka loda kafin a tashi. Zai tausaya maka a rana ta farko da ta biyu, amma ranar da mutum biyu ba su zo ba kuma mota tana jira a ƙofa, zai ce ka ɗan kama musu wannan kwali ɗaya kawai, kai kuma kunya ba za ta bar ka ka ƙi ba. Abin da zai kare ka, ya kuma kare shi kansa heluman, shi ne takardar likita mai ƙayyadaddun iyakoki.

Idan za ka je wurin likitanka, kada ka ce masa kawai ana so ka koma aiki. Likitoci da yawa ba su taɓa shiga sito ba, kuma idan ba a yi musu bayani ba sukan rubuta cewa mutum zai iya aiki mara nauyi, kalmar da kowa ke fassara ta yadda ya ga dama. Ka faɗa masa nauyin kwalayen, tsayin kantocin, sau nawa kake hawa tsani a yini, da awa nawa kake yi a tsaye. Ka roƙe shi ya rubuta adadin kilon da ba za ka wuce ba, ya rubuta cewa babu ɗaga hannu sama da kafaɗa, babu hawa tsani (mai hannu ɗaya ba shi da abin riƙewa idan ya sake zamewa), ya faɗi awoyin da za ka fara da su, ranakun da za ka riƙa fita zuwa gashi, da ranar da za a sake duba ka. Ƙashin wuyan hannu yakan haɗe a cikin makonni shida zuwa takwas, shi ya sa mutane ke ganin hoton ƙashi ya yi kyau su ɗauka an gama, alhali ƙarfin damƙa yana ɗaukar watanni kafin ya dawo, jijiyar kafaɗa kuma ta fi ƙashi jinkirin warkewa.

Wannan tsari ba baƙon abu ba ne. Tun shekarar 2010 Birtaniya ta sauya takardar hutun rashin lafiya, ta yadda likita zai iya rubuta cewa mutum na iya aiki idan aka yi masa ɗaya daga cikin abubuwa huɗu: komawa mataki-mataki, sauya awoyi, sauya irin aikin, ko gyara wurin aikin. A Jamus, idan ma'aikaci ya yi fiye da mako shida yana jinya a cikin shekara guda, wajibi ne kamfani ya gayyace shi a zauna a tsara yadda zai dawo, kuma suna da tsarin da mutum ke farawa da 'yan awoyi a rana ana ƙara masa a hankali, yana ci gaba da karɓar kuɗin jinya daga inshora har ya kai cikakken lokaci. Ko dokar inda kake ba ta tilasta haka ba, babu abin da ya hana ka gabatar da shi a matsayin shawara.

Tunda kana iya riƙe biro, akwai ƙidayar kaya, duba takardun shige da fice, da liƙa lamba a jikin kwalaye, duk ayyukan sito ne da ba sa buƙatar kafaɗa.

Tsohon Makanikin Injin ya amsa:

Ɗan'uwa, ni abin da ya same ni zan ba ka labari, domin ni na yi kuskuren da ake ja maka kunne a kai. Bayana ne ya samu matsala lokacin da muke ɗaga wani injin ni da yara biyu. Bayan mako biyar na ji sauƙi, maigidan ya yi ta kira, na koma ba tare da na nemi takardar komai ba. A mako na biyu na sunkuya zan ɗauki akwatin sifana, wanda bai kai rabin nauyin abin da na saba ɗauka ba, sai na ji kamar an soka mini ƙusa daga ƙugu har yatsan ƙafa. A nan na durƙusa, sai ɗauke ni aka yi. Sauri ya haifi nawa, domin wata bakwai na ƙara yi a kwance.

Abin da ya fi ciwon zafi shi ne gardamar da ta biyo baya. Suka ce wannan sabon ciwo ne, ba shi da alaƙa da na farko, hujjarsu kuwa ita ce ai na dawo aiki da ƙafata na yi kwana goma lafiya lau. Ba ni da wata takarda da ta nuna na dawo ne da sauran ciwo. Abin da ya cece ni shi ne katin asibitina na farko da matata ta adana, inda likita ya rubuta ainihin gaɓar da ta samu matsala, hoton da aka sake ɗauka kuma ya nuna wuri ɗaya ne.

Don haka ka samu jaka ɗaya ka riƙa tara komai: katin asibiti, hotunan ƙashi, rasit, takardun albashinka na kafin hatsarin da na bayansa, da sunayen waɗanda suke wurin ranar da ka faɗi. Duk maganar da aka yi maka da baki a ofis, idan ka koma gida ka tura saƙo ka ce ga abin da na fahimta daga zamanmu na yau, domin ya zama akwai kwanan wata. Idan ka koma kuma, ka riƙe ƙaramin littafi kana rubuta aikin da aka sa ka kowace rana da yadda hannun ya kwana. Ranar da ciwo ya ƙaru ka sanar a ranar, kada ka daure har ƙarshen mako.

Ma'aikacin Sito ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Baba, da Likita, da kai Yaya. Ban sa hannu ba. Na je wurin likitana na yi masa bayanin aikin dalla-dalla, ya rubuta mini kada in wuce kilo 3 da hannun dama, babu tsani, awa huɗu a rana na tsawon mako huɗu, sannan a sake dubawa. Da na kai takardar, jami'in ya karanta ya ce su ba su da aikin zama a sito, ko dai in dawo aikina gaba ɗaya ko kuma in rubuta takardar ajiye aiki su ba ni haƙƙoƙina cikin mutunci. Da na tambayi lambar fayil, ya ce zai bincika. Shin suna da ikon sallamata saboda wannan?

Tsohon Jami'in Ƙungiyar Ƙwadago ya sake amsawa:

Ka yi daidai. Yanzu kuma kada ka rubuta takardar ajiye aiki. Wanda ya ajiye aiki da kansa, a idon doka shi ya zaɓi tafiya, kuma da wuya ya dawo ya ce an kore shi ba bisa ƙa'ida ba. Idan suna ganin suna da hujjar sallamarka, su rubuta da hannunsu su faɗi dalili. Neman da suke yi ka rubuta da kanka alama ce cewa ba sa son ɗaukar wannan nauyi.

Game da ikon sallama, yarjejeniyar ILO mai lamba 158 ta shekarar 1982 ta ce rashin zuwa aiki na ɗan lokaci saboda ciwo ko rauni ba dalili ne karɓaɓɓe na sallama ba, haka ma shigar da ƙorafi a kan mai ɗaukar aiki. Yarjejeniya mai lamba 159 ta 1983 kuma ta ɗora wa ƙasashen da suka karɓe ta nauyin taimaka wa mai tawaya ya samu aikin da ya dace da shi ya kuma riƙe shi. Yadda kowace ƙasa ta shigar da wannan a dokarta ya bambanta. A Faransa, idan likitan ma'aikata ya ce mutum ba zai iya tsohon aikinsa ba, dole kamfani ya nemo masa wani gurbi tukuna, idan kuwa ya gagara aka sallame shi kuma raunin na aiki ne, ana ninka masa kuɗin sallama. A wasu ƙasashen kariyar ba ta kai haka ƙarfi ba, kuma kamfani na iya rabuwa da ma'aikacin da ya tabbata ba zai iya aikin ba bayan an bi matakai. Amma ko a can, sallama ba ta share haƙƙin diyya, domin haƙƙin ya rataya ne a kan hatsarin da ya riga ya faru lokacin kana ma'aikacinsu.

Ga abin da nake ba ka shawara ka yi a wannan makon. Ka rubuta musu wasiƙa gajera cewa a shirye kake ka dawo aiki a ranar da suka sa, bisa iyakokin da likita ya gindaya, ka haɗa kwafin takardar likitan, ka lissafa ayyukan da Likita ta ambata a sama waɗanda ka san ana yin su a sitonku, ka nemi amsa a rubuce. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa a kan ɗaya ka riƙe. Da wannan wasiƙa babu wanda zai ce ka ƙi aiki ko ka gudu. Sannan kada ka jira binciken jami'in game da fayil, domin wata uku sun riga sun tafi daga cikin wa'adinka: ka ɗauki jakar takardunka ka je ofishin hukumar diyya ko na sufeton ƙwadago mafi kusa, ka tambaya ko kamfanin ya kai rahoton hatsarinka, kuma ka tafi da wakilin ƙungiyarku idan kuna da ita.